Ranar da Ruwa Ya Ci Takalman Hajiya

Tun da muka dawo daga Cap Estérias ban huta da tambaya ba. A wurin sunan da aka yi a unguwar Cocotiers makon jiya ko tuwo ba a bar ni na ci ba. Wannan ta ce da gaske ne Hajiya ta dawo gida da silifas ɗin mai kifi, waccan ta ce an ce na yi iyo da hijabi. Ban yi iyo ba, ban ma iya ba. To ga labarin daga tushe, wadda ta sake tare ni a kasuwar Mont-Bouët ina tsakiyar cefane sai dai in ce ta je ta karanta.

Ba yawon banza ya fitar da ni daga unguwarmu Lalala ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana daga Maradi don a duba mata idanu. An duba, an dace. Amma kafin ta fara haɗa kaya sai ta faɗi abin da ke ranta: za ta tafi da ɗiyarmu ta fari. Yarinyar shekararta tara, a nan aka haife ta, a nan take lakwal, wato makarantar boko. Hajiya ta ce ana renon yarinya a cikin akwati, daga lakwal sai talabijin, Hausarta duk ta karkace, ba ta san gero a gona ba, ba ta taɓa zama gindin itace ba. Ta ce ta riga ta sa an yi wa ƙaramin ɗakin da ke jikin nata shafe. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Ni kuwa ba ni da baki. Kun san yadda muke: 'yar fari ba ta uwa ba ce a gaban manya. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in zancenta ya taso in ce "yarinyar nan." Ban taɓa janyo ta jikina a gaban Hajiya ba. Da wane ido zan dubi surukata in ce a bar mini ɗiyata? Sai in shiga makewayi in saki famfo, in yi kukana, in wanke fuska in fito in tambayi Hajiya ko a dama mata fura.

Maƙwabciyata Zara ce ta ba ni shawara. Ita haifaffiyar garin nan ce, ta san lungunansa. Ta ce, "Tunda ƙorafin tsohuwa rashin fili ne, ki kai ta ta ga fili mana. Ga daji, ga bakin ruwa, kuɗin motar bai kai na kitsonki ba. Ku fita da safe, ku dawo kafin magariba, ki ƙulla abincinki daga gida." Na ji kunya ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan, teku sai dai in hango ta ta tagar taksi. Ashe Hajiya ba ta yi ƙarya ba, ni ma a akwatin nake.

Ranar Lahadi na yi dambun shinkafa da zogale, na zuba a kula, na ɗauki tabarma da buta da ruwan sha. Maigida ya ce ba zai iya rufe shago ba, ni dai na san ba ya son zama tsakanina da mahaifiyarsa ne. Mu uku muka fita: ni, da Hajiya, da yarinyar.

Taksi ya sauke mu bayan filin jirgi, inda 'yan kalando ke lodi. Kalando su ne tsofaffin motocin nan da ke zuwa inda taksi ba ya zuwa, kuma ba su tashi sai an cika. Aka ba Hajiya gaba don girmanta, ta gyara zama tana ta sa wa direba albarka. Sai ga wata mata ƙatuwa da kwando, aka buɗe ƙofa aka ce Hajiya ta matsa. Ta waiwayo ta ce mini, "Ke, kujerar tawa ce ko ta gayya?" Na ce a nan mutum biyu ke zama gaba. Ta ce a Maradi ma haka ne, amma a can ana fara gaisawa kafin a hau cinyar mutum.

Direban ɗan ƙasa ne, amma ya taɓa yin dako a Mont-Bouët, ya tsinci Hausar kasuwa. Abin da ya iya bai wuce "sannu," da "nawa," da "a rage mini" ba. Duk abin da Hajiya ta faɗa sai ya ce, "A rage mini, Mama." Tun tana ɓata rai har ta koma dariya.

Da muka fita gari muka iske shingen jandarma. Ni takardar zamana tana cikin jaka, na miƙa. Hajiya kuwa ta naɗe fasfonta a leda, ta sa ledar a lalita, ta ɗaure lalitar a ƙugu ƙarƙashin zane biyu. Ta ce ba za ta kwance ɗamara a gaban namiji ba. Sai da muka fita daga mota, na kare ta da mayafina a bayan but, mota guda tana jiranmu. Kafin mu gama, yarinyar ta riga ta yi wa jandarman bayani da Faransanci, tana yi tana nuna kakarta, shi kuma yana ta murmushi. Ya duba fasfo ya sara wa Hajiya. Na ɗauka abin zai burge ta. Da muka koma mota sai ta ce, "Kin ji ko? Harshensu ya fi zama a bakinta."

Daga nan hanya ta shiga dajin Mondah. Ba mu yi niyyar tsayawa ba, taya ce ta yi faci, direba ya ce kowa ya sauka. Wallahi na gode wa tayar nan. Akwai 'yar hanyar ƙafa da ta shiga ciki, muka bi ta kaɗan, ba mu yarda mun ɓace wa mota ba.

Ni dajin da na sani a gida, rana ce da ƙaya. Wannan ba rana, ba ƙaya, ga sanyi kamar an yayyafa ruwa a ɗaki. Hajiya ta ɗaga kai tana neman ƙarshen wata bishiya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Wannan wa ya shuka ta?" Matar nan mai kwando ta biyo mu, ta ce sunanta okume. Ta ɓanɓaro ƙaro a jikinta ta miƙa mana, ta ce da shi kakanninsu ke kunna wuta da dare. Hajiya ta shinshina ta ce ai wannan ɗan'uwan ararraɓi ne, ta ƙulle shi a bakin mayafi za ta gwada a kasko.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wani gungume da ya faɗi yana ruɓewa, naman kaza ya fito a jikinsa. Ta zagaya shi, ta buga shi da ƙafa. Ta ce a tambayi matar na wane ne. Yarinyar ta tambaya, aka ce ba na kowa ba ne, kuma an hana ɗiba. Hajiya ta riƙe baki. Ta ce tana budurwa sai su wuni a daji su dawo da ɗan ƙullin kirare, ga na girkin shekara ana barin tsutsa na ci. Ta daɗe tana kallonsa kamar wadda aka ce ta bar tukunyar nama a titi.

A nan yarinyar ta tsinci wata tururuwa mai tafiya a layi, ta durƙusa tana kallo, Hajiya ta durƙusa kusa da ita. "Ƙawata," in ji ta, haka take kiranta, "a gidana akwai dalbejiya, sai ki wuni kina kallon irinsu." Na juya kamar ina duban ko an gama taya.

Rana ta ɗaga muka isa Cap Estérias. Ƙauyen masunta ne, ga kwale-kwale a kife, ga kwakwa, ga rumfuna a ƙarƙashin wasu itatuwa masu faffaɗan ganye. Mutanen birni sun zo hutun Lahadi, wasu sun kwanta a rana da 'yan guntayen kaya. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma da ɗayan idon tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. Mu muna gudun rana, su sun biya mota sun zo su gasa kansu."

Ruwan ya janye can nesa. Tsakaninmu da shi wani fili ne shimfiɗeɗe, yashi sumul kamar an share an daɓe, ga baƙaƙen duwatsu jefi-jefi. Hajiya ta taka har bakin ruwa, ta ɗiba da tafin hannu ta kai baki, ta tofar. Ta ce wa ya zuba wannan gishiri haka? Mutanenmu na hawa raƙumi su keta hamada saboda shi, ga shi nan a narke ko mai gadi babu. Sai kuma ta tambaya ina shanun garin ke shan ruwa. Ni dai ban ga saniya ko ɗaya ba.

Wata dattijuwa mai gasa kifi ta yafito mu. Kowa "Mama" yake ce mata, mu ma muka bi. Muka sayi kifi biyu, ta ɗora mana rogon nan da suke naɗewa a ganye, da wani ɗan itace wai shi atanga da ta tsoma a ruwan zafi. Hajiya ta shinshina rogon ta ce kamar dawo ya kwana uku, ta ajiye. Atangar kuwa ta ce tana da tsami tana da maiƙo, ba ta gane inda ta dosa ba, amma sai da ta cinye har da rabona.

Mama ta ce mu shimfiɗa tabarma a rumfarta, ba sai mun biya ba. Hajiya ta leƙa ta ga kare kwance a ƙarƙashin benci, ga kwalaben giya a teburin maƙwabta. Ta ce ita ba za ta yi sallah a nan ba. Ta nuna filin nan na yashi ta ce, "Ga wuri tsarkakakke Allah ya share da kansa, duk sun bar shi sun cunkushe a inda karnuka ke kwana. Mutanen nan ba su san daɗin fili ba."

Da Mama ta ga mun naɗe tabarma mun gangara, ta kira mu ta yi magana tana nuna ruwa. Yarinyar ta ce, "Ta ce ruwa zai taso." Na ji da kunnena, kuma na gane, kada wata ta ce Faransanci ne ya ci mu. Ni da Hajiya muka ɗaga kai tare muka dubi sama. Garau, ko ɗigon girgije babu. Hajiya ta ce, "Da wane hadarin?" A garinmu gulbi ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama, kuma ko an yi, sai an ji ƙugi daga nesa. Muka yi wa Mama godiya, muka ce a ranmu so take mu zauna kusa mu ƙara sayen kifi.

Muka yi nisa da mutane, muka shimfiɗa tabarma kusa da duwatsun, muka ci dambu. Iska na kaɗawa. Hajiya ta miƙe ƙafa ta ce rabonta da ta ga ƙarshen sama tun da ta bar gida. Na ji sanyi a raina, na ce ko dabarar Zara ta fara ci. Sai ta ƙara da cewa, "Amma fili na rana ɗaya ba ya renon yaro." Na rufe kular dambun.

Yarinyar ta tashi tana tsintar bawon katantanwa, tana bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Da azahar ta yi na ce, "Ke, zo ki yi alwala." Hajiya ta ce in bar ta, in mun idar ta yi. Muka cire takalma muka ajiye a bayan tabarma tare da kula da buta. Muka duba inuwa muka daidaita gabas. To gabas a wurin nan tana wajen rumfuna ne, wato duk mai sallah ya ba teku baya.

Kun san sallar Hajiya. Sai ta yi nafila, ta yi farilla a tsanake, ni kuma ba na iya riga ta tashi. Ina jin ƙarar ruwa tana ƙaruwa, na ɗauka iska ce. A zaman tahiya na ji sanyi ya taɓa yatsun ƙafata, ya ratsa tabarma ya jiƙa mini zane. Na yi sallama dama, na yi hagu, na waiwaya.

Filin nan babu shi. Ruwa ne ko'ina, kula tana lilo a kansa, buta ta yi gaba. Can a kan wani dutse, wanda ɗazu da ƙafa aka je shi, yarinyar ce tsaye, ta tattare siket ɗinta cike da bawo, ruwa ya zagaye ta. Ba ta kuka, ta daskare ne kawai tana kallonmu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ramatu! Ramatu, tsaya nan, kada ki motsa, ga ni nan. Ramatu, ɗiyata, dube ni."

Sau nawa na faɗa, Allah ne ya sani. An ce har masu rumfa sun ji. Na faɗa ruwa da hijabina, ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu, yana ture ni gefe kamar cunkoson kasuwa. Sai na ji an cafki hannuna. Mama ce, ashe tun ɗazu tana kallonmu ta riga ta taso. Ta ja ni ta wani gefe inda yashi ya fi tudu, tana faɗa da yarensu, na tabbata ba addu'a take mini ba. Muka isa dutsen. Na juya baya na durƙusa, yarinyar ta hau, na cire mayafi na goya ta kamar jaririya, ƙafafunta na reto har gwiwata. Ina jin bugun ƙirjinta a bayana. A kunnena ta ce, "Mama, ashe kin san sunana." Na ce ta yi mini shiru ta riƙe ni da kyau.

Da muka fito, Hajiya na tsaye a bakin ruwa, zanenta sharkaf, carbi a hannu, ba takalmi. Sai a lokacin na tuna abin da na yi. Na kira sunan 'yar fari a gaban surukata, da ƙarfi, a bainar jama'a, har da "ɗiyata," ga ta kuma goye a bayana. Na rasa inda zan sa idona. Na fara kwance mayafin, Hajiya ta ce, "Bar ta, tana rawar sanyi."

A rumfar da muka raina muka ƙare, kusa da karen. Mama ta ba mu ruwan zafi da wani ganye mai ƙamshin lemo, ta ba Hajiya silifas ɗinta, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Wani saurayi ya tsamo mana kula, takalman Hajiya kuwa na Makka, da nawa, da buta, sun tafi. Hajiya ta sa yarinyar ta tambayi Mama, wai kullum ruwan nan haka yake yi? Mama ta ce kullum, sau biyu, ya tafi ya dawo, ko da ruwan sama ko babu. Hajiya ta ce, "To ina yake zuwa?" Mama ta ɗaga kafaɗa ta ce tun tana yarinya take nan, ba ta taɓa bin sa ba. Suka yi dariya tare, ba wadda ke jin yaren wata. Kafin mu tashi Hajiya ta cika gorar ruwanmu da ruwan teku, ta ce in ba su ɗanɗana ba mutanen Maradi za su ce tsufa ne ya taɓa ta.

Muka samu mota muka kamo hanya. Yarinyar ta yi barci a cinyata, ban ture ta ba. Muka iso Lalala ana kiran magariba. Maigida ya dubi ƙafafun mahaifiyarsa, ya dubi nawa, ya ce lafiya? Hajiya ta ce, "Na ga daji, na ga teku, na kuma ji muryar matarka." Ta shige ɗaki.

Kwana biyu ina kaffa-kaffa da ita, ina jiran faɗa. Ranar da za a ɗaure kaya ta kira ni. Jakar yarinyar da na riga na shirya tana gabanta a buɗe. Tana fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa a kan gado, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Kin san mijinki ba shi ne na fari ba. Akwai yayarsa, wadda ke garin Tawa. Tana shekara bakwai uwar mijina ta zo ta ɗauke ta. Na raka su tasha. Mota ta tashi, yarinya ta leƙo ta taga tana nemana, ina tsaye da tulu a hannu kamar ruwa na zo ɗiba. Sunanta ya zo mini har nan," ta taɓa maƙogwaronta, "na haɗiye. Aka yi ta yabona, wai ni mai kunya ce. Yau ta yi jikoki, in na je gidanta tana tarbata da kyau, kamar yadda ake tarbar baƙuwa."

Ta ninke rigar ƙarshe ta ɗora. "Ke kin kira taki. Ɗauki kayanta ki mayar."

Na durƙusa zan yi magana, kuka ya hana ni. Ta ce in tashi, ba ta son sakarci, in je in duba mata ko an samo takalmi daidai ƙafarta a kasuwa.

Ita kaɗai ta tafi, da gorar ruwan gishiri da ƙullin ƙaro da rabin bawon da ƙawarta ta tsinta. Ina tuna ɗakin nan da aka yi wa shafe, kuma ba na jin daɗi in na tuna. Mun yi alkawarin kai yarinyar ta yi hutun ƙarshen shekara a can. Duk Juma'a in sun yi waya, Hajiya sai ta tambaya ko ruwan ya dawo mata da takalmanta, tunda an ce komai nisan da ya yi yana dawowa.

Masu tambaya ko wurin ya cancanci zuwa, ya cancanta. Ku je da abincinku, ku zauna inda kuka ga 'yan gari sun zauna, in za ku yi sallah ku hau tudu. Masu tambaya ko yanzu na zubar da kunya, ban zubar ba, a gaban mutane har gobe "ke" nake ce mata. Amma da asuba in zan tashe ta lakwal, ba na ƙara bubbuga ƙofa. Sai in zauna a bakin katifarta in kira ta da sunanta, kuma na lura takan yi kamar ba ta farka ba sai na faɗa sau biyu.